Faifai Biyu, Suna Ɗaya: Tarihin Muryar Mata Daga Gindin Turmi Zuwa Zauren Baje Koli

Duk wanda ya taɓa kwana a Bazaga, ko a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kewaye da Birnin Ƙonni, ya san ba zakara kaɗai ke tada gari ba. Kafin rana ta ɗaga, ƙarar taɓarya ta riga ta game unguwa, in kuma an gama surfe sai a jawo faifai a yi bakace. Faifan nan, wanda mutanen yankin kan furta da hwaihwai, ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Da shi ake rufe ƙwaryar fura, a kansa ake shanya kuka da kuɓewa, in ya tsufa a yar. Amma sunansa ya yi tafiyar da masu ɗinka shi ba su taɓa zato ba. A yau ma'aikacin gidan rediyo yakan ce an fitar da "faifan bidiyo" ko "faifan murya", ba tare da ya tuna cewa kalmar daga tsakar gida ta fito ba.

A shekarar 2010 wata mai fasaha haifaffiyar Kaduna, Fatimah Tuggar, ta ɗauki wannan kalma ta mai da ita aikin da ake kallo ake kuma saurare. Tarihin da ke bayan aikin nata shi za mu bi a nan, domin yana tada tambayar da ta shafi kowane gida a ƙasar Hausa: muryar wa aka adana, ta wa kuma aka bar wa iska?

Jere da sauti kafin zuwan na'ura

Tun daga shekarun 1960 da 1970 wani reshen fasaha ya bunƙasa a Turai da Amurka, wanda ba zane ba ne, ba kuma sassaƙa ba. Mai fasahar takan ɗauki ɗaki guda ta tsara kayayyaki da haske da sauti a cikinsa, mai kallo ya shiga ya tsaya a tsakiyar aikin. Mata masu fafutukar neman haƙƙinsu sun rungumi wannan salo, saboda ya ba su damar shigar da tukunya da tsintsiya da muryar uwa cikin gidajen adana kayan fasaha, inda a da ba a ganin irinsu.

Bahaushe ba ya buƙatar aro wa wannan fasaha suna, domin yana da kalmar jere. Ranar da za a kai amarya, gwaggonninta da innoninta kan riga ta zuwa ɗakin, su jera ƙorai tun daga ƙasa har sama, babba a ƙarƙashin ƙarama. Da zamani ya juya, tasoshi da langa da kumbo suka maye gurbin ƙorai, daga baya tangaran da gilashi suka shiga kabad. Mata kan zo ganin ɗaki, su karanta jeren kamar wasiƙa: a ciki suke ganin shekarun da uwar amarya ta yi tana sana'a da zubin adashi, da yawan danginta, da irin bikin da ta yi wa wasu a baya. Ɗakin magana yake yi, kuma mata ne marubutansa, su ne makarantansa.

Haka abin yake ta fuskar sauti. Akwai lugude, inda mata biyu ko uku ke karɓa-karɓa da taɓare a turmi ɗaya, da mama, inda mace ke cilla taɓarya sama ta tafa kafin ta cafe. Akwai waƙar niƙa a bakin dutse, da waƙar daɓe, da ta raino, da kiɗan shantu da na ƙwarya, da gaɗar ƴan mata a dandali, da guɗar da ke sanar da unguwa cewa an ɗaura ko an sauka lafiya. Waɗannan ba nishaɗi kawai ba ne. A al'ummar da kunya ta hana mace ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, waƙar aiki ita ce kafar da take shigar da ƙara. Ta habaici takan kai kukan miji marowaci, da uwar miji mai sa ido, da kishiya mai tsegumi. Wanda aka yi dominsa yana ji ta bayan danga, amma ba shi da bakin cewa da shi ake.

Malamai ma sun san ƙarfin wannan murya. A Maratta, kusa da Galmi, a ƙasar da Ƙonni ke maƙwabtaka da ita, aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Ƴarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, sai dai ta san yawancin matan karkara ba sa karatu. Don haka ta kafa tsarin ƴan taru. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami, jajin ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wurinta, su hardace waƙoƙin karantarwa, su koma gida su rera wa sauran. Takarda na hannun malama, amma ilimin a maƙogwaron mata ya yi tafiya. Abin lura shi ne waƙoƙin Asma'u sun iso gare mu domin an rubuta su da ajami, an kuma san mai su. Na matan da suka ɗauke su a ka, waɗanda su ma suna da nasu waƙoƙin niƙa da na raino, babu wanda ya rubuta.

Yadda faifai ya sami takwara

A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta maido da ita. Bayan shekara 10, a 1887, Emile Berliner ya fito da garmaho, mai amfani da fale-falen kewayayyen abu maimakon gwangwanin Edison. Tsakanin 1927 da 1930 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, domin sayarwa a kasuwannin yankin. Da garmaho ya shigo kantunan Kano da gidajen attajirai da ma'aikata, sai aka dubi baƙin abin nan mai kewaye aka ga ya yi kama da wani abu da ake da shi a kowane madafi. Aka ce masa faifan garmaho.

Kamannin ya wuce na siffa. Mai ɗinkin faifai daga cibiya take farawa, tana naɗa kaba tana sokawa da allura, layi na bin layi har ta kai baki. Faifan garmaho shi ma layi ɗaya ne a nannaɗe, allura ce kuma ke bin sa, sai dai ita daga baki take farawa ta gangara cibiya. Wanda ya fara raɗa wa baƙon abu wannan suna, ko wane ne shi, ya iya kallo.

To amma sunan kawai na'urar ta karɓa daga mata, ba ta karɓi muryarsu yadda ya kamata ba. Kamfanonin faifai da gidajen rediyo sun fi zuwa inda kiɗa ke da ubangida da kasuwa, wato fada da dandalin dambe da taron siyasa. Shi ya sa muke da taskar muryoyin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Maraya Jos, a jihar Tawa kuma sunan Ɗan Gurmu ya zama sunan gasar mawaƙa. Duk sun cancanta. Sai dai mai ɗaukar murya namiji ne, iyakarsa zaure, waƙar niƙa kuwa a can ciki take, ba a kuma ɗauke ta waƙa ba balle a nemi mai ita.

Labarin Baba ta Karo ya isa misali. An haife ta wajajen 1877, shekarar da Edison ya ƙera na'urarsa. Tsakanin 1949 da 1950 ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau, littafin ya fito da Ingilishi a 1954. A ciki akwai waƙoƙin aure da na wasan yara da na bori da Baba ta tuna. Kalmominsu sun tsira a takarda, amma karin muryar da ta rera su da shi ya bi ta kabari a 1951.

A Nijar an yi ƙoƙarin da ya kamata a yaba. An buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyoyin masu sauraron rediyo, inda ake ɗaukar ra'ayin mutanen ƙauye a tef a watsa wa ƙasa. A 1968 aka buɗe cibiyar tattara adabin baka a Yamai, wadda a yau ake kira CELHTO. Amma abin da ya fi buɗe wa mata ƙofa shi ne kaset, wanda kamfanin Philips ya fitar a 1963 ya kuma cika kasuwanninmu a shekarun 1970 da 1980. Rikoda ba ta da tsada kamar garmaho, tana aiki da batir, tana kuma shiga har ƙuryar ɗaki. Ta wannan hanya amada, kiɗan ƙorai da mata ke yi wa mata a biki da suna, ya fito daga tsakar gida ya tsallaka iyaka. Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano, sai kuma Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Barmani ta yi wa mata waƙa a kan haihuwa da kishi da jikinsu, ta kuma yi ta zaburar da su su kama sana'a kada su zauna jiran hannun miji. Wasu sun ce bakinta ya yi kaifi. Matan da ke cika wurin wasanta ba su ce haka ba.

Aikin Fatimah Tuggar

An haifi Fatimah Tuggar a Kaduna a 1967. Ta yi karatun fasaha a Landan da Amurka, ta kammala digiri na biyu a jami'ar Yale a 1995. Ta fara yin suna da hotunan da take harhaɗawa a kwamfuta, inda take ɗaukar matan arewacin Nijeriya a bakin aikinsu ta haɗa su da kayan lantarkin da ake tallatawa a mujallun Amurka. A bidiyonta na 2000 mai suna Fusion Cuisine ta jera tsofaffin finafinan tallar kayan girki na Amurka kafaɗa da kafaɗa da hotunan da ta ɗauko a Nijeriya. Tambayarta a kullum ita ce: wa ya ce injin wanki fasaha ne amma turmi ba fasaha ba ne, kuma wa ke cin ribar wannan rabo?

A 1996 ta yi wani aiki mai suna Turntable, inda ta ɗora faifan saƙa a gurbin faifan garmaho. A 2010 ta sake gina tunanin a aikin da ta kira Fai-Fain Gramophone. Mai kallo zai tarar da na'urar juya faifai a cikin irin kabad ɗin da ake ajiye rediyo a falo, ga faya-fayen saƙa an liƙa musu takardar suna a cibiya kamar na kanti, muryar da ke tashi kuma ta Barmani Coge ce da ƙoranta. An nuna aikin a babban baje kolin ayyukanta da aka yi a 2019 a gidan adana fasaha na Davis, a kwalejin mata ta Wellesley da ke Amurka.

Aikin bai yi dogon jawabi ba, amma ya faɗi abu uku. Na farko a kan harshe ne. Baturen da ya tsaya gabansa zai ga abin dariya, tabarma a kan garmaho. Bahaushe kuwa zai ga kalma ɗaya ta haɗu da kanta. Ma'anar aikin a cikin Hausa take ɓoye, wanda bai ji harshen ba sai an yi masa tafinta, alhali an saba mu ne ake yi wa tafinta a irin waɗannan zauruka. Na biyu a kan asali ne. Hausa ba ta tsaya baki buɗe gaban na'urar Turawa ba, ta jawo ta cikin madafi ta raɗa mata suna kamar yadda ake yi wa jariri. Na uku a kan adalci ne. Faifan saƙa ba shi da layin da allura za ta karanta, ko ya shekara yana juyawa ba zai ce uffan ba. Shirunsa shi ne shirun matan da suka ɗinka shi, waɗanda ba a rubuta sunansu a kan komai ba. Da ta liƙa masa takardar suna, ta kuma sa muryar mawaƙiyar da kayan kiɗanta ƙoran girki ne, Tuggar ta mai da wa masu faifai abin da aka ara a wurinsu ba a biya ba.

Ba ita kaɗai ke wannan hanya ba. A 1998 Shirin Neshat ƴar Iran ta kafa allo biyu suna fuskantar juna a aikinta Turbulent: a ɗaya namiji na waƙa zaure cike da maza suna tafi, a ɗayan mace na rera sauti marar kalmomi gaban kujerun da babu kowa, domin tun bayan juyin 1979 an hana mace waƙa ita kaɗai a bainar jama'a a ƙasarta. A 2002 Zineb Sedira, wadda iyayenta ƴan Aljeriya ne, aka haife ta a Faransa ta kuma zauna a Ingila, ta nuna allo uku a aikinta Mother Tongue: ita da uwarta, ita da ƴarta, sai kaka da jika, ɗaya na Larabci ɗaya na Ingilishi, suna murmushi sun kasa fahimtar juna. Duk Bahaushen da ya kai ƴaƴansa gida daga Yamai ko Abuja ya ga sun kasa gaida kakarsu da kyau ya san wannan allo na uku. A 2022 kuma Sonia Boyce ta ci babbar kyautar baje kolin Venice da ɗakunan da ta cika da muryoyin mawaƙa mata baƙar fata na Birtaniya, aikin da ya samo tushe daga tarin sunaye da faya-fayen irin waɗannan mata da ta fara tattarawa tun 1999 don kada a manta da su.

Abin da ya rage a gida

Mai karatu na iya cewa: to me ya haɗa matar Bazaga da aikin da aka girka a wata kwaleji a Amurka, aka yi bayaninsa da Ingilishi? Ƙorafin yana da tushe. Mai ɗinkin faifai ba ta ga aikin ba, ba kuma lallai ne ta yarda da sunan da masana ke ba irin wannan fafutuka ba. Akwai haɗarin a kwashi muryar talaka a kai kasuwar da ba ta san da ita ba, a maimaita laifin da ake kuka da shi. Amma amsar ba ita ce a yi watsi da aikin ba, a'a, a dawo da tambayarsa gida.

Matan Nijar ba su jira kowa ya koya musu ɗaga murya ba. Ranar 13 ga Mayu 1991 suka fito titunan Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, har sai da aka ƙara musu kujeru. Ranar ta zama ranar matan Nijar, a 2000 kuma aka kafa dokar da ta ware musu kaso a muƙaman zaɓe da na naɗi. A littafinta na 2005 farfesa Ousseina Alidou ta nuna yadda Malama A'ishatu Ɗancandu ta yi karantarwar addini ta rediyo da talabijin, da yadda mawaƙiya Habsu Garba ta yi amfani da waƙa da rediyo wajen shiga muhawarar ƙasa. A farkon shekarun 2000 Zara Moussa ta shiga fagen waƙar rap da maza suka mamaye, tana magana a kan halin da mata ke ciki. A 2025 kundin da aka kafa a Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Sai dai harshe ba a kundin doka kawai yake rayuwa ba. Injin niƙa ya hutar da mata daga wahalar da babu mai hankalin da zai so ta dawo, amma ya tafi da dutsen niƙa, dutsen kuma ya tafi da waƙarsa. Siminti, wanda ake yi a nan Malbaza, ya kashe daɓe. Roba ta kori ƙwarya, murfin roba na korar faifai. Tsofaffin da suka san waɗannan waƙoƙi suna nan a Bazaga da Ilela da Dogerawa, kuma kowace shekara ana rage su. A cikin bakinsu akwai kalmomin Hausar yamma da ba su shiga ƙamus ba, akwai kuma shaidar yadda mata suka ji da auren dole da yunwa da tafiyar maza cin rani, shaidar da ba za a same ta a takardun hukuma ba.

Yau kusan kowane gida akwai wayar salula mai ɗaukar murya, kuma ƴar gida ba ta tsayawa a zaure. Rediyoyin karkara da makarantu da ƙungiyoyin mata za su iya abin da kamfanonin faifai ba su yi ba, bisa sharuɗɗan da tarihin nan ya koyar. A nemi izinin mai waƙa, ta san inda muryarta za ta. A rubuta sunanta da garinta da shekarar da aka ɗauka, in ta amince. A bar Hausarta yadda ta furta, kada a gyara mata hwaihwai ya koma faifai. A ajiye kwafi a garin, in kuma wani amfani ya fito, ta sami rabonta. Sa'an nan in wata ɗiyar Ƙonni ta tashi yin nata jeren, da turmi da ƙorai da muryar kakarta, za ta iya girka shi a Gidan Matasa na garinsu, kakar ta zo da ƙafarta ta ji kanta.